Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: yadda ya yi da kalmar "sag" da 'yan'uwanta

Kowane ƙamus zai iya gaya maka ma'anar babbar kalma irin "democracy". Inda ake gane ƙamus na ƙwarai shi ne wajen ƙananan kalmomi masu kama da juna, waɗanda mai koyo zai duba biyar a jere ya ga kamar duk magana ɗaya suke yi. Turanci yana da tarin irinsu a fagen abin da ya saki ya yi ƙasa: "sag", "droop", "wilt", "slump", "flag", "wane". Hausa ma tana da nata, lotsawa da langaɓewa da yaushi da zubewa da dusashewa, kuma babu mai jin Hausa da zai ce katifa ta yi yaushi ko ganye ya lotsa. Haka abin yake a kunnen Bature idan aka musanya masa nasa. Da waɗannan kalmomi za a auna Oxford Advanced Learner's Dictionary, littafinsa da shafinsa na intanet.

Hukuncin a taƙaice: ga wanda yake son ya rubuta Turanci da hannunsa, ƙamus ne da za a iya dogara da shi, domin yana nuna yadda kalma take zama a cikin jimla. Amma yana barin mai karatu ya raba 'yan'uwan kalmomi da kansa, kuma da zarar kalma ta shiga hannun masu sana'a sai ya yi shiru.

Asalinsa yana bayyana halinsa. A. S. Hornby, malamin Turanci ne ɗan Ingila da ya koyar a Japan, shi da abokan aikinsa biyu, Gatenby da Wakefield, suka haɗa shi don ɗaliban da Turanci ba harshensu ba ne. An fara buga shi a Tokyo a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Bugu na 10 ya fito a 2020, da kalmomi sama da 60,000. Tun farko damuwar Hornby ita ce ginin jimla, har ya kasa aikatau ɗin Turanci gida 25 bisa abin da yake biyo bayan kowanne. An daɗe da sauke waɗancan lambobi, an mayar da su alamomi masu sauƙin karantawa, amma manufar tana nan. Wani abin kuma, ana rubuta bayanin ma'ana da kalmomi na yau da kullum daga jerin da suke kira Oxford 3000, saboda kada a bayyana kalma mai wuya da wadda ta fi ta wuya. "Decline" tana cikin wannan jeri. "Sag" da "droop" da "wilt" ba sa ciki, wato kalmomi ne da mai koyo yake cin karo da su a karatu kafin wani ya koya masa su.

A ƙarƙashin "sag" ƙamus ɗin ya kawo ma'ana biyu, ya fara da ta zahiri: abu ya yi ƙasa ta tsakiya saboda nauyi ko danniya. Duk sirrin kalmar yana cikin "ta tsakiya" ɗin nan, kuma an yi dabara da aka sa shi cikin bayanin. Abin da ake cewa ya yi "sag" a riƙe yake ta gefe biyu, tsakiyarsa ce ta gaza. Kantar katako da aka jibga wa littattafai, igiyar shanya da aka loda wa jiƙaƙƙun kaya, rufin tanti da ruwan sama ya taru a kansa, katifar da ta yi rami inda ake kwanciya. Mafi kusa da ita a Hausa lotsawa ce, ko a ce abu ya yi ciki. Daga nan aka miƙa ta zuwa jikin mutum, fatar da ta saki da tsufa, kumatu da suka zazzago. Ma'ana ta biyu ta aro ce: ƙarfi ko yawa ya ragu, kamar farashin hannun jari, ko ƙuri'un jam'iyya, ko ƙwarin gwiwar tawaga. A nan ma hoton kantar nan bai ɓace ba. Raguwa ce a hankali, ta abin da ya gaji da ɗaukar kaya, babu faɗuwar farat ɗaya a cikinta. Har labari ko fim ana cewa ya yi "sag" a tsakiya, idan farkonsa da ƙarshensa suna da armashi amma tsakaninsu ya yi lami.

Alamar nahawu da aka sa a gaban ma'anonin biyu ita ce abin da yawancin masu duba ƙamus suke tsallakewa, alhali ita ce mafi amfani. An nuna cewa aikatau ne ƙi-karɓau, wato abu ne yake lotsawa da kansa. Don haka a Turancin yau da kullum ba a cewa "The books sagged the shelf". Ana cewa "The shelf sagged under the books", ko kuma "The books made the shelf sag". Mai Hausa yana iya faɗawa wannan rami cikin sauƙi, tunda mu muna cewa nauyi ya lotsa kanta, kanta kuma ta lotsa. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya kawo siffar so-karɓau, wato irin ta "nauyi ya lotsa kanta", domin ana samunta jefi-jefi a rubuce. Oxford ya bar ta, kuma ga mai koyo wannan rangwame ne: ya nuna masa hanyar da ba za a taɓa ce ya yi kuskure ba.

A shafin intanet akwai ɗan akwati na asalin kalma. Ya nuna "sag" tana da dangantaka da kalmar Holanci "zakken", mai nufin nitsewa ko sauka, "droop" kuwa daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai take, inda take nufin sunkuyar da kai, kuma 'yar ɗaki ɗaya ce da "drip" da "drop". Mutane da yawa suna ɗaukan wannan akwati ado ne. Ba ado ba ne a nan, domin shi ya ba da bambancin da bayanin ma'anar bai fito da shi fili ba.

"Droop" ta abin da yake riƙe ta gefe ɗaya ce, bakinsa ko kansa ya yi ƙasa, kuma galibi sanadin ba nauyin da aka ɗora masa ba ne, rauni ne ko gajiya daga cikinsa. Kan yaron da barci ya ɗauke a zaune, fatar idon mai gyangyaɗi, kunnen kare, gashin baki mai zubowa ta gefe, furen da ya kwana biyu a kwalba. Langaɓewa ke nan. Ƙamus ɗin ya ambaci rauni da gajiya, ya kuma kawo ma'anar aro ta sanyin gwiwa da karayar zuciya. Abin da bai yi ba shi ne ya ajiye ta kusa da "sag" ya ce ga inda suka rabu. Yana da akwatunan kwatanta kalmomi masu kusancin ma'ana a wurare da dama, amma wannan iyali bai samu ba. Sai ka buɗe shafi biyu, ka dubi misalan, ka lura da irin abubuwan da suke zuwa a farkon jimla: rufi, tanti, fata a ɗaya ɓangaren, kai, ido, fure a ɗayan. Wanda ya yi wannan lura sau ɗaya ba zai ƙara ruɗewa ba, amma aiki ne da ƙamus ya kamata ya rage masa.

Akwai wuraren da biyun suke haɗuwa, kuma ba laifi. Kafaɗun wanda aka ba labari maras daɗi suna iya yin kowacce. Haka ma ƙwarin gwiwa. Akwai kuma inda al'adar masu harshen ta zaɓi ɗaya. A faɗakarwar da ake yi kan alamomin shanyewar ɓarin jiki, wadda ake taƙaitawa da haruffan FAST a Amurka, harafin farko na "face drooping" ne, wato gefen fuska ɗaya ya langaɓe. Idan ka ce fuskar mutum tana "sagging", mai sauraro tsufa zai kawo a ransa. Idan ka ce tana "drooping" ta gefe guda, motar asibiti zai nema. Kama da wane ba ta wane.

Daga "wilt" ne matsalar zagaye take bayyana. Ka duba ta, a ce maka tsiro ne ya sunkuya saboda zafi ko rashin ruwa, sannan a nuna maka "droop" a matsayin takwararta. A ma'anarta ta biyu, ta mutumin da zafi ko matsi ya galabaitar, a nuna maka "flag". Mai gaggawa zai ɗauka duk ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Tsiron da ya yi "wilt" lallai ya yi "droop", amma reshen da 'ya'ya suka yi wa yawa ya sunkuyo lafiyarsa ƙalau, bai yi yaushi ba. "Wilt" yaushi ce, ruwan cikin ganye ne ya ragu har ya kasa tsayuwa. Kuma ita, saɓanin 'yan'uwanta biyu, tana karɓar karɓau: rana tana iya yin "wilt" ɗin ganye. Ƙamus ɗin ya sa alamar hakan daidai. Ya kuma tuna da "thou wilt" ta tsohon Turanci, wadda siffa ce ta "will" kuma ba ta da alaƙa da yaushi ko kaɗan, abin da zai ceci mai karanta tsofaffin rubuce-rubuce daga fassara mai ban dariya.

"Slump" an yi mata adalci. Ma'anarta ta kasuwanci faɗuwa ce mai yawa kuma kwatsam, saboda haka ciniki da ya ragu da kashi 2 cikin 100 a wata shida ya yi "sag", wanda ya zube da kashi 30 a wata guda ya yi "slump". A matsayin suna tana nufin lokacin karayar tattalin arziki. A ma'anarta ta jiki kuwa an nuna cewa tana neman bayanin wuri a bayanta: mutum ya zube cikin kujera, ko ya kife a kan tebur, ko ya sulale jikin bango. Masu rubuta labarai da suke barinta tsirara don nufin mutum ya yanke jiki ya faɗi, "collapse" suke nema.

Sauran biyun ba su da wahala. "Flag" a matsayin aikatau ta kuzari ce da himma, mai gudu a zagayen ƙarshe, ko hira da ta fara mutuwa, kuma daga gare ta aka samu "unflagging", wanda ba ya gajiya. Sai dai a kula, shafin farko da zai buɗe na tuta ne, sai an latsa na aikatau, a can ma a wuce ma'anar sa alama a kan abu. "Wane" ta wata ce bayan ya cika ya fara ƙanƙancewa, daga nan aka ara wa mulki da farin jini da tasiri, abubuwan da suke dusashewa sannu a hankali.

Wajen rubutu da furuci shafin intanet ya yi wa littafin fintinkau. Kowane aikatau yana da akwatin siffofinsa, kuma kowace siffa da muryar Ingila da ta Amurka. Ƙa'idar ninka baƙi tana fitowa a fili idan aka jera su: "sagged", "flagged", "dropped" suna ninka baƙin ƙarshe domin gajeren wasali ɗaya ne a gabansa, "drooped" ba ta ninkawa domin haruffan wasali biyu ne, "wilted" da "slumped" ma ba sa yi domin da baƙi biyu suka ƙare. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsakanin "drooped" da "dropped", kuma manhajar gyaran rubutu ba ta kama shi, tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya. "The flowers drooped" furanni ne suka langaɓe a jikin karansu. "The flowers dropped" sun faɗo ƙasa. Harafi ɗaya ne ya canja. A baki kuma ta farko da dogon wasalin u take, ta biyu da gajeren wasali. Wanda harshensa yake jan p zuwa f sai ya saurari ƙarshen "droop" da "slump" da kyau, leɓɓa suna haɗuwa su rufe ruf. Haka ma g ɗin "sag", idan ta bushe ta koma k sai a ji "sack", kuma tazarar da ke tsakanin "sagging" da "sacking" ita ce tsakanin lotsawar rufi da korar ma'aikaci.

Littafin yana da nasa amfanin, ba ya neman caji ko intanet, kuma ido yana faɗawa kan kalmomin maƙwabta, "saggy" tana nan kusa. Amma rubutun ƙanana ne kuma ba ya magana. Shafin kyauta ne, da tallace-tallace. Manhajar waya da wasu kayan koyon rubutu da magana sai an biya. Ga wanda bukatarsa duba kalma ce kawai, shafin kyautar ya wadatar. Abu ɗaya game da bincike a intanet gaba ɗaya: SAG da manyan haruffa sunan ƙungiyar 'yan fim ta Amurka ne, wadda ta haɗe da AFTRA, ƙungiyar 'yan wasan talabijin da rediyo, a 2012, kuma labaranta sukan cika sakamakon bincike idan aka rubuta kalmar ita kaɗai.

Abokan gasarsa kowanne da inda ya fi. Longman, wanda ya fara fitowa a 1978, yana bayani da kalmomi kusan 2,000, don haka ya fi sauƙi ga wanda bai yi nisa ba. Collins COBUILD, aikin da John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham ya fito a 1987, yana rubuta ma'ana da cikakkiyar jimla, irin "idan abu kaza ya yi kaza", kuma wannan salo yana nuna wane irin abu ne yake aikata aikin, daidai giɓin da Oxford ya bari a wannan iyali. Merriam-Webster na masu harshen ne, bayaninsa ya fi tsauri, amma ya fi zurfi a ma'anonin gefe da tarihin kalma. Mai fassara ba ya rayuwa da ƙamus ɗaya.

Inda Oxford ya tsaya cak shi ne bakin ƙofar masu sana'a, kuma waɗannan kalmomi suna da rayuwa ta biyu a can. A wajen injiniyan lantarki, "sag" awo ne: tazarar da waya ta sauko a tsakiya tsakanin turaku biyu. Ana ƙiyasta ta da nauyin mita ɗaya na wayar, sau tsawon tazarar sau kansa, a raba da ninki 8 na ƙarfin ɗaurin. Waya mai kilo 1 a kowace mita, tazara mita 100, ɗauri na kilo 1,000, za ta sauko mita 1.25. A ninka tazarar zuwa mita 200 da ɗauri iri ɗaya, sai ta sauko mita 5, ninki huɗu. Zafi yana ƙara ta domin ƙarfe yana miƙewa, idan kuma aka ɗaure waya tamau don a kawar da ita, sanyi ya zo ta tsuke, tana iya tsinkewa. Wato a nan "sag" ba aibi ba ne, abu ne da ake barinsa da gangan. Akwai kuma "voltage sag", raguwar ƙarfin wuta zuwa tsakanin kashi 10 da 90 cikin 100 na yadda ya kamata, na ɗan lokacin da bai wuce minti ɗaya ba, irin wanda tayar da babban inji mai aiki da lantarki yake jawowa har fitilu su yi ƙifce. Amurkawa ne suke cewa "sag", a Turai "dip" aka fi ji. Mai fenti yana kiran labulen fentin da ya zubo saboda an shafa shi da kauri da wannan suna. Masu kekunan hawan dutse suna saita abin shanye girgiza na baya ya nitse kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 idan mahayi ya zauna, shi ma "sag" suke ce masa. Jirgin ruwa da igiyar ruwa ta ɗaga goshinsa da bayansa ta bar tsakiyarsa yana "sagging", akasin haka kuma "hogging".

"Droop" a janareta saiti ne, ba gajiya ba. Idan aka ce kashi 5, ana nufin gudun injin zai ragu da kashi 5 cikin 100 daga ba kaya zuwa cikakken kaya, kuma da wannan ne injuna da yawa suke raba kaya tsakaninsu ba tare da sun yi ja-in-ja ba. Jirgin saman Concorde ma yana da hanci mai sunkuyowa da ake kira da wannan kalma, don matuƙa su ga titin sauka. "Wilt" a wajen masana noma sunan rukunin cututtuka ne, irin na Fusarium, inda ƙwayar cuta take toshe hanyoyin ruwa a cikin tsiro, ya yi yaushi ko da ƙasa a jiƙe take. Wanda ya fassara ta da rashin ban ruwa ya ba manomi shawarar da za ta ƙara ɓata gona.

"Slump" a wurin gini gwajin danshin kankare ne. Ana ɗauko mazurarin ƙarfe mai tsawon milimita 300, gindinsa 200, bakinsa 100, a kafa shi a shimfiɗaɗɗen wuri, a cika shi da kwaɓin hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da rodi mai kaurin milimita 16. A shafe saman, a ɗaga mazurarin tsaye cak ba tare da murɗawa ba, a kifa shi a gefe, a gitta rodin a kansa, a auna nawa kwaɓin ya sauka. Idan ya zube gaba ɗaya ruwa ya yi yawa, idan gefe ɗaya ya zame sai a sake gwajin. Takardar da ta ce "slump 75 mm" wannan awon take nufi. Wanda ya je ƙamus ɗin Oxford da ita zai dawo da faɗuwar farashi da mutum zube a kujera, don haka irin wannan takarda littafin ƙa'idojin gini ake buɗe mata, ko a tambayi injiniyan da ya rubuta ta.